Bidiyon Da Ya Kori Malama Susanna

Bidiyo ɗaya ne ya raba Susanna da aikinta, kuma wanda ya fi kowa son ta ne ya ɗauke shi da hannunsa.

Chukwuebuka sunansa, amma Ebuka kowa ke ce masa. Haihuwar Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa sai ka ce Bazazzagi. Uwarsa, Madam Clementina, tana da makarantar kuɗi a Samaru, shi kuma yana jan bas ɗin yara kafin ranar da za a damƙa masa makarantar. Dokar Madam ɗaya ce: daga get zuwa ciki, Turanci kawai. Yaron da ya yi yaren gidansu, a rataya masa kwali a wuya har a tashi.

Wata safiya ya sauke yara zai juya mota, sai ga Susanna, sabuwar malamar aji ɗaya, ta tare gabansa, hannunta duk alli.

"Kai ne direba? Kana jin Ibo?"

"Da shi aka yaye ni."

"To sauko, akwai aiki."

Ko motar bai kashe ba ya biyo ta. Zuciyarsa kuwa tun a nan ta fara rashin kunya.

Ajin nan taron duniya ne. Ga 'ya'yan malaman jami'a da suka iya karatu tun daga gida, ga yaran ƙauyen Bomo masu Hausa zalla, ga Bafulatana, ga Yarabawa, ga kuma wata Ify da aka kawo daga kudu, wadda tunda ta zo ba a taɓa jin muryarta ba. Susanna ta tura ƙofa ta rufe.

"Tambaye ta da yarenku, me ta fi so a duniya?"

Ya durƙusa ya tambaya. Yarinya ta zaro ido, sai baki ya ɓalle. Ashe akuyar kakarta ce, mai satar doya. Susanna ta sa shi ya rubuta maganar da manyan baƙaƙe a takarda, ta sa Turancin a ƙasa, ta kama yatsan Ify suna bi tare.

"Haka nake yi da kowa," in ji ta. "Yaro ya fara karanta maganar bakinsa, sannan ya hau ta wani. Wanda ya iya, in zaunar da shi gefen wanda bai iya ba."

"Kin san dokar Madam kuwa?"

"Na sani. Ƙara za ka kai?"

"Uwata ce fa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To sai ka iya bakinka, Direba."

Daga ranar Ebuka ya zama ɗan aji ɗaya. Ya sauke yara, ya sulale ciki, ya fassara, ya yanka takarda, har waƙar haruffa yake ja musu. Da yamma kuma waya ta ɗauka.

"Malamata, yau ba ki duba aikina ba. Ko na faɗi ne?"

"Ka ci, Direba. Sai dai kallon malama ya yi maka yawa."

"Darasin ne a fuskarta, ya zan yi?"

"Allah ya shirye ka. Ka zo da almakashi gobe."

Kafin zango ya ƙare, ran nan Ify ta miƙe ba wanda ya sa ta, ta karanta labarin akuyarta da Ibo, ta juya ta karanta da Turanci, tsaf. Aji ya kaure da tafi. Yaran Bomo suka ce su ma sai sun yi nasu da Hausa. Ebuka ya zaro waya yana ɗauka, yana tsalle yana ihu. Murna ta rufe masa ido. Ya ce a ransa yau Momi za ta ga matar da zai aura. Bai shawarci kowa ba, ya tura bidiyon cikin guruf ɗin iyayen yara.

Kafin a tashi wuta ta kama. Wannan ya ce Turanci ya kawo ɗansa ya koya, wancan ya ce da Hausa yake so ai da ya bar shi a gida. Madam ta kira Susanna ofis, ta ce ta kwashe takardunta. Tana fita Ebuka ya faɗo ofishin.

"Momi, ba ki ga yarinyar tana karatu ba?"

"Na gani. Na kuma ga ɗana yana rusa abin da na gina da gumina. Ebuka, a aji na taso ana yi mini dariya don ban iya Turanci ba. Ba za a yi wa yarana ba."

"Ni fa aurenta zan yi."

"Ka aura. Amma ba da makarantata ba."

Ya kira Susanna har wayar ta yi zafi, ba ta ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo.

"Abu ɗaya na roƙe ka, ka iya bakinka. Ba aikin ne ke damuna ba. Gobe wa zai saurari Ify?"

Ya karanta, ya sake karantawa. Washegari ya ga yarinyar ta sauko daga bas da bakinta a ɗinke kamar da.

Sai ya bazama cikin Sabon Gari. Ashe bidiyon ya zaga gari. Uwar Ify ta nuna wa 'yan layinsu a kasuwa, masu gwanjo sun gani, masu kayan gyaran mota sun gani, kowa yana da yaron da aka ce daƙiƙi ne. Ebuka ya bi su shago shago, yana cewa su kawo yaransu. Ya je wajen fasto ya roƙi barandar coci, ya ari benci, ya shafa wa falanki baƙin fenti ya zama allo. Sannan ya sa rigarsa mai kyau ya nufi gidan Baba Mordecai, mahaifin Susanna.

Tsohon ko wurin zama bai nuna masa ba. "Kai ne ɗan matar da ta kori 'yata? Me kuma ya rage?"

"Baba, ni na ɓata, ni zan gyara. A ba ni aron ta zuwa coci, ku ma ku zo ku gani."

Suka tarar da baranda ta cika maƙil. Yara har kan taga, da iyaye mata da suka ce su ma a sa da su, Ify a benci na gaba tana ɗaga hannu biyu. Susanna ta toshe baki, hawaye na zuba tana dariya.

"Direba, wannan haukar fa?"

"Ajinki ne, Malamata. A nan ba a rufe ƙofa." Ya durƙusa a gaban kowa. "Ki ɗauke ni ɗalibi na har abada."

"Tashi, kana ba ni kunya! Na ɗauka."

Guɗa ta tashi. Baba Mordecai ya yi gyaran murya ya ce, "To, sai ka turo manyanka."

Bayan Ista aka ɗaura aure a cocin nan. Ganguna na mutanen kudancin Kaduna, dangin amarya, rawa ta Ibo, shinkafa har ta yi saura. Yaran baranda suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta addu'ar da ya rubuta da yarensa. Ana cikin haka Madam Clementina ta shigo da ɗaurin kai kamar zai taɓa silin. Ta dafa kan amarya da ango.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ba irin wannan ba."

Coci ta fashe da dariya da amin. Ebuka ya rungume ta yana kuka kamar yaro.

Albarka kam ta ba su da zuciya ɗaya, amma maganarta ba ta janye ba. Ta riga ta miƙa wa Celestine, ɗan ƙanwarta, makarantar har da bas ɗin. Ranar Litinin Ebuka ya sauke amaryarsa a bakin baranda, ya juya Keke Napep ɗin haya, ya kama hanyar Samaru yana kiran fasinja.