Ledoji a Ƙarƙashin Katifa

Wata bakwai ke nan da mijin Auta ya tafi aikin jirgin ruwa, ya bar ta a gidan mahaifiyarsa. Tun ranar tafiyarsa, Mama ta kafa mata doka: "Ban da damunsa da waya. Aiki ya je, ba hira ba."

Sau ɗaya a mako yake samun network. Minti biyar, rabi na Mama ne. Da ya ce "ina kewarki" layin ya yanke, sai Auta ta ji ƙirjinta fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ta rufe ƙofa, ta jawo biskit da cakulan. Ko daɗinsu ba ta ji, turawa kawai take har cikinta ya ɗaure, sannan ta zauna tana jin haushin kanta.

Wata Asabar da hantsi ƙanwar mijin ta ɗaga katifa tana shara, ledojin biskit da cakulan suka zubo.

"Mama, zo ki ga ikon Allah! Ashe supermarket gare mu a gida! Wallahi Yaya ba zai gane matarsa ba!"

Mama ta leƙo, ranta a ɓace. "So kike a ce da yunwa nake horar da ke?"

Auta ta fashe da kuka. "Ba yunwa ba ce, Mama. Magana ce ke cika min baki, ba wanda zan faɗa wa — sai in danne ta da abinci."

Mama ta dubi ledojin. Ta sallami 'yarta, ta zauna a bakin gado.

"Shekarar da babansu ya rasu, haka na yi da shayi da burodi, har zobena ya ƙi fita. Laifina ne, 'yata. Na janye dokar."

Daga ranar, in hannun Auta ya kai ga leda sai ta dakata: cikina ne, ko zuciyata? In zuciya ce, ta yi wa mijinta voice note, ko da sai bayan kwana shida zai ji. Bayan la'asar su zagaya unguwa ita da Mama, suna hirarsa. Wata rana takan kasa, amma ta daina tsine wa kanta.

Ranar da ya dawo, ko jaka bai sauke ba ya ce, "Muryarki ce ta riƙe ni a tsakiyar teku."

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi, hawaye na zuba.

Ciki abinci yake so, kewa kuwa kunne take nema. Wanda ya toshe mata baki da zaƙi, gobe ma za ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.