Ƙusar Gadar Jirgi

Ku matso, muryata ta gaji. Maliki maƙeri ne a Jiratawa, zamanin Nasara, hannunsa da kyau amma zuciyarsa ba ta ƙoshi. Wani rani ya tsallaka ƙasar Ingilishi, wato Najeriya, aka ɗauke shi gyaran tsohuwar gadar jirgin ƙasa a hanyar Ƙaura. Aikinsu cire ƙusoshin da tsatsa ta ci, su buga sababbi.

Da ya zo hutu sai ya wuce Tibiri, gun boka Talle. Rana tsaka ce, amma ɗakin duhu. Tukunya baƙa a kife, gashin kaza ya manne mata da busasshen jini, ƙudaje kuwa ko motsi ba sa yi.

"Baba, na gaji da bugun ƙarfen wasu."

"Kawo mini ƙusa guda, mai lafiya. Ka bar raminta, ka toshe da laka."

"Shi ke nan?"

"Nauyin da take ɗauka, wani zai ɗauka, ɗana."

"Ina da jakai."

Talle ya nuna masa ƙofa.

Maliki ya kawo ƙusar, aka binne a ƙofar gidansa. Kafin shekara biyu Maliki ya yi kamyo, babbar motar jigilar gyaɗa, ya gina soro a Maraɗi. Gadar kuwa ba ta faɗi ba, jama'a na ta wucewa lafiya lau.

To, Maraɗi ba ta da jirgi, kun sani. Amma duk ranar da jirgi zai hau gadar can, sai matarsa Tasalla ta saki taɓarya ta durƙusa, tana nishi kamar an aza mata buhu goma. Bayanta ya tanƙware. Ɗiyarsu Zuliha na tankaɗe ta kife, ta mutu. Masu wankan gawa suka ce ƙirjinta a lotse yake. Tasalla ta zauce, tana bin mutane a kasuwa tana cewa, "Ku sauka hakanan, don Allah, kun yi yawa."

Maliki ya tono ƙusar, ya koma gun gadar da gudu. Ya tarar an gama gyara, an shafe ƙarfe da fenti baƙi tun daga wannan gaɓa har waccan. Kwana bakwai yana laluben ramin, har helma, shugaban ma'aikata, ya sa aka kore shi.

A ƙarshe nauyin ya komo kansa. Ni na gan shi da idona, yana rarrafe a bakin tasha, goshinsa na shara ƙasa.

Jikokina, in aka ce maku ga arziki, wani zai ɗauki nauyin, ku tsaya ku tambaya wane ne. Ba baƙo ba ne. Wanda kuke ci kwano ɗaya da shi ne.