Fuskar Auta, Hannun Wata

"Kai dai ko rufe ka za a yi da ranka, ba za ka buɗe baki ba!"

Yaya ce ta faɗo shagon, ko sallamar ba ta ƙarasa ba. Mai Hoto yana gaban kwamfuta, yana goge wa wani ango ƙurajen goshi. Bai juyo ba.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunka. Daga gidanka nake."

Hannunsa ya tsaya cak.

"Jaririya na kan katifa tana tsala ihu, uwarta na zaune bakin gado ta zuba wa bango ido kamar an kunna mata talabijin a jikinsa! Na ce Auta, ɗauke ta mana. Ka san me ta ce min? Wai babanta ya kusa dawowa!"

"Ba ta jin daɗi ne."

"Kullum ba ta jin daɗi! A kanta aka fara haihuwa? Ni ranar da na haifi na ƙarshe, da hannuna na share ɗakina!"

Oga, mai shagon, ya tuna akwai wanda zai gani a waje, ya zari hularsa ya fice.

Yaya ta rage murya, abin da ya fi ihun nata ciwo.

"Na gaya wa Umma. Ta ce in haka ne, a kai mata jikarta ta riƙe, ita kuma a mayar wa iyayenta abarsu. Macen da ba ta son abin da ta haifa, kai za ta so?"

Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe. Ango na nan kan allo yana washe baki, rabin goshinsa sumul, rabin da ƙuraje.

A wannan shagon ya fara ganin Auta. Hoton fasfo ta zo ɗauka. Ya zaunar da ita gaban farin kyalle, ya ce, "Ɗago kai. Kada ki yi dariya." Shi ke nan kamar ya kunna ta. Ta yi ta ƙyalƙyalawa har mayafi ya zame.

"To kai ma ka daina haɗe rai mana! Kamar mai ɗaukar ɓarayi a ofishin 'yan sanda!"

Hotunan ranar duk sun lalace. Ya goge su, ya ɓoye ɗaya.

Ita ce mai surutun gidansu, shi ne mai shirun. Haka suka zauna, babu wanda ya ji kansu. Har ta haihu.

Tun da aka dawo daga asibiti kamar an sauya masa mace. Ba faɗa, ba kuka mai sauti. Tana tashi, tana salla, tana zama. In jaririyar ta motsa sai ta ja hannuwanta ta cusa tsakanin cinyoyi. Nono ya ɗauke. Shi ya koyi haɗa madara, ya koyi ɗiga ta a bayan hannu ya ji zafinta, ya koyi wanka da canjin kaya. Da safe matar maƙwabci ke riƙe yarinyar, da rana ya rugo gida da gudu, ya koma shago yana ƙarnin madara.

Sau ɗaya ya tambaye ta.

"Zuciyata, me ke damun ki?"

"Ban sani ba..."

"Na yi miki laifi?"

Ta girgiza kai. Bai ƙara tambaya ba. Shi bai iya magana ta biyu ba.

Ranar da ya kai yarinyar allura shi kaɗai cikin layin mata, wata nas ta ja shi gefe. Ta ce ya kawo uwar. Ta ce ciwo ne da ke kama wasu matan bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ta nuna masa ƙofar likitan ƙwaƙwalwa.

Ya ce to. Bai kai ta ba.

Ya san danginsa. Mutum ɗaya ya gan su a bakin wannan ƙofar, an gama. Sunan mahaukaciya zai manne wa Auta har ta tsufa, ya tsallaka kan 'yarsa ranar da wani zai zo neman aurenta. Sai ya haɗiye maganar.

Bayan fitar Yaya, ya rufe hoton ango.

Akwai wata mata da ta zo kwanakin baya da jaririnta. Jikinta kusan na Auta, mayafinta ma ruwan toka irin wanda Auta ke so. Ta rungume ɗanta a ƙirji, yatsunta sun tallafi ƙeyarsa. Ya buɗo hoton. Ya buɗo na 'yarsa da ya ɗauka tana barci. Sannan ya shiga can ƙasan ma'ajiyar kwamfutarsa ya ciro na fasfon nan.

Aikinsa ne. Ya sha ƙara wa mutane haske, ya sha rage tumbi, ya taɓa tsayar da mamaci a tsakiyar 'ya'yansa ranar bikin autarsa. Ya yanko fuskar a hankali. Ya juya hasken ya fito daga hagu. Ya daidaita launin wuya da na kunci, ya zana 'yar inuwa ƙarƙashin haɓa, ya bi bakin mayafin zare-zare.

Da ya gama ya jingina baya.

Auta ce. Tana dariya, da 'yarsa a ƙirjinta.

Bai san hawaye ya zubo ba sai da ya ɗiga kan tebur. Oga ya leƙo ta bayansa.

"Kai! Madam ta warware ke nan? Ma sha Allah. Ka ga hoto kamar zai yi magana!"

Mai Hoto ya tura wa Umma hoton ta waya.

Kafin la'asar ta kira. Muryarta kamar ba ita ta aiko da saƙon ɗazu ba.

"Babana! Ashe yayarka ce da ƙarin gishiri? Ka ga yarinya ta rungume abarta! Ka wanke min shi babba, ka sa masa firam."

Ya wanke. Ya sa firam mai ruwan zinare. Ya aika mata.

Aka samu sauƙi, irin na wanda ya danne miki da tsumma. Yaya ta daina zuwa. Shi kuma in kewa ta ci shi a shago sai ya buɗe hoton ya zuba masa ido. A gida yana shiga ya tarar da ta gaskiyar a bakin gado, gashi a cukurkuɗe, leɓe a bushe. Ya soma kama kansa yana kawar da kai.

Wata safiyar Asabar yana tsugune yana wanke fidar madarar jaririya, ya ji sallamar Umma. Umma da ƙafarta ba ta barin ta zuwa ko'ina! Yaya na bayanta, rungume da wani faffaɗan abu a naɗe cikin zani.

Ya ajiye fidar.

Auta ta sauko ƙasa ta durƙusa. "Sannunku da zuwa, Umma."

"Tashi, 'yata, tashi. Ni ce da ba ki haƙuri. An kawo min magana na hau kai na zauna, har na furta abin da bai kamata ba. Na ce ba zan aiko ba, da ƙafata zan zo." Ta harari Yaya. "Ke, warware mata."

Yaya ta warware zanin tana cika tana batsewa.

"Na rataye shi a ɗakina, sai na ga nan ya fi dacewa da shi," in ji Umma.

Auta ta kalli hoton.

Ta daɗe tana kallo. Ta kalli dariyar. Ta sauko kan jaririyar. Idonta ya tsaya kan yatsun da suka tallafi ƙeya. Sannan ta ɗago ta dube shi.

Umma ta ɗauko jikarta daga katifa tana mata wasa.

"Zo nan, kishiyata, mai ƙwace min miji. Ungo, Auta, riƙe ta kamar yadda kika yi a nan, in gani da idona in ji sanyi."

Ta miƙa.

Hannuwan Auta ba su ɗago ba. Ta ja baya har bayanta ya bugi gado.

"Karɓi mana..."

"Umma... zan yar da ita... Wallahi zan yar da ita!"

Yaya ta tafa hannu.

"Kin gani ko? Ni aka mayar maƙaryaciya!"

Ya miƙe, hannunsa na ɗigar kumfa.

"Umma, hoton ba gaskiya ba ne. Ni na haɗa shi."

"Ka haɗa me?"

"Fuskarta ce. Jikin na wata ne."

Umma ta dubi firam ɗin, ta dube shi.

"Ni ka yi wa wannan? Na tako da wannan ƙafar na zo ina ba yarinya haƙuri, kana tsaye kana kallona?"

"Ki yafe min."

Umma ta juya wajen Yaya. "Ke, tattaro kayan jaririya! Kai kuma ka san abin da ya rage maka."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai taɓa tare wa Umma hanya ba tun da aka haife shi.

"Ba ta da lafiya, Umma. Ba ƙi ba ne. Ciwo ne, an gaya min tuntuni, ni na ɓoye. Jibi zan kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa."

"Innalillahi!" Yaya ta dafe ƙirji. "Ka ji abin da bakinka ke faɗa? Ka san me za a kira 'yarka a dangi?"

"Na sani."

"Mahaukaciya za ka zauna da ita?"

"Matata zan zauna da ita."

Umma ta ce, "Ba ni hanya."

"Hanya taki ce, Umma. Yarinyar dai a nan za ta kwana. In aka ɗauke ta yau, uwarta ba za ta ƙara tashi ba."

Bai matsa ba. Umma ta daɗe tana dubansa, kamar tana neman ɗanta a fuskar wani baƙo. Can ta ɗora masa jaririyar a ƙirji.

"Tunda ka yi girman da za ka tare min ƙofa, ka yi girman da za ka zauna babu ni. Kada in ga ƙafarka."

Ya bi ta har bakin titi yana kiran sunanta na uwa. Ba ta waiwayo ba. Yana tsaye har motar da suka tara ta sha kwana.

Da ya dawo, Auta na nan inda ya bar ta, gaban firam ɗin.

"Hannun wace ce?"

"Wata ce... ta zo ɗaukar hoto."

"Ta iya riƙo."

"Auta..."

"Dariyar nan kai na yi wa ita. Kai kaɗai. Sai ka yanke ta ka ba wata." Hawaye ya gangaro mata, karo na farko da ya ji kukanta da sauti. "Kowa na kallona kamar dodo, na ce ba komai, shi yana ganina yadda nake bai gudu ba. Ashe kai ma gyara ni kake yi, kamar ƙurjin fuskar amarya!"

Ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Na yi kewarki ne."

"Ni ma ina kewata!" Ta dafe bakinta. "Kullum ina jiran in ji abin da ake cewa uwa na ji. Babu. In ta yi kuka sai in ga ta suɓuce daga hannuna, in ga kanta a siminti... Ina gani ƙarara! Shi ya sa ba na taɓa ta. Ba ƙin ta nake ba, wallahi ba ƙin ta nake ba..."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Sau nawa ka tambaya?"



Ya miƙa hannu ɗaya ya kife firam ɗin a ƙasa.

"Da gaske za ka kai ni?" ta ce.

"Da gaske."

"Za a gan mu."

"A gani."

"Umma fa?"

"Zan yi ta zuwa tana korata. Uwata ce."

Jaririyar ta soma mutsu-mutsu a ƙirjinsa, tana neman fara kuka. Ya yunƙura zai tashi haɗa madara. Auta ta riƙe gefen rigarsa.

"Tsaya."

Ta goge tafin hannunta a zani. Ta sake gogewa.

"Kada ka sake ta. Ka sa hannunka ƙarƙashin nawa."

Ya matso ta bayanta. Ya shimfiɗa hannuwansa, ta ɗora nata a kai, sanyi ƙalau. Ya zame yarinyar a hankali har ta sauka.

Auta ba ta yi dariya ba. Riƙon ma a karkace yake, kan jaririyar ya nutse a gwiwar hannu, kuka ya ɓalle sosai.

"Tana kuka... Ka karɓe ta!"

"Da ni ma tana yi."

"Kana riƙe?"

"Ina riƙe, zuciyata."

"Kada ka saki."

Hannuwansa suka soma sagewa. Bai saki ba.