Hekta Shida a Seripa

"Na fasa, Ozuwa."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da baza 'ya'yan koko a kan tabarmar shanya, tana tsince waɗanda suka yi baƙi.

"Me ka fasa?"

"Auren. Ba zan turo manya ranar Lahadi ba."

Sai a lokacin ta juyo. Salfo na tsaye da adda a hannu, takalminsa duk taɓo, idonsa a ƙasa.

"Baffa Digbe ne?"

"Jiya a wurin taro, a gaban kowa, ya ce ba ke nake so ba. Katinki na 'yar ƙasa nake so."

"Kai kuma ka yarda."

"Ni ban yarda ba, 'yar maigida... garin ne ya yarda."

A nan Seripa aka haifi Salfo, a tungar da ke ƙetaren rafi. Shekara arba'in da suka wuce mahaifinsa, ɗan ƙabilar Mosi, ya zo daga Burkina, Seri mahaifin Ozuwa ya ba shi daji, ya sare ya dasa koko hekta shida. Yanzu dukansu biyu sun rasu. Dokar Kwaddibuwa kuwa ta ce ƙasar noma ba ta zama mallakin wanda ba ɗan ƙasa ba, iyakar abin da zai samu shi ne haya. Sau biyu kacal Salfo ya taɓa taka Burkina, amma takardunsa na can ne. Ranar Alhamis ma'aikatan filaye za su zo. Duk wanda sunansa ya hau takardar gonar, shi zai yanke ko Salfo da mahaifiyarsa da ƙannensa mata uku su zauna ko su tashi.

Digbe, ƙanen Seri, sunansa yake so ya hau. Ya riga ya shirya da Lago, wani ɗan garin da ke harkar filaye a Abijan, a tumɓuke kokon a dasa roba.

"Da a ce don takarda na aure ki, gara gonar ta tafi," in ji Salfo.

"Mamanka ta ji wannan jarumtar taka?"

Ya juya ya kama hanyar tunga.

Da yamma Lago ya tare ta a hanyar famfo, ya sauke gilashin mota.

"'Yar Seri, an ce ɗan Mosinki ya janye."

"Motarka ba ta kai bakinka gudu ba, Lago."

Ya yi dariya. "Ni ina da katina, ba na buƙatar naki. Gida a Abijan, ba shanya, ba tsinta. Ki yi tunani."

"Na yi. Gonar ka zo saye, ni ce gyara."

Ta gyara zaman bokitinta a ka ta wuce.

A gida ta tarar da mahaifiyarta tana kirɓa sakwarar ayaba. Labari ya riga ya iso.

"Allah sarki yaron nan," in ji tsohuwar. "Shekara bakwai da rasuwar babanki, bai taɓa fashin kayan shekara ba. Baffanki ya rufe ƙofa, ke ki fita ki karɓa don kada ya koma da su."

Ozuwa ta sauke bokitin a hankali.

A Seripa, baƙon da aka ba daji yakan kawo kaza da doya da bammi bayan babban girbi. Wanda ya miƙa hannu ya karɓa, ya zuba bammin a ƙasa, shi ne uban gonar. Da gangan Digbe yake ƙin karɓa, don wata rana ya ce ba shi da alkawari da kowa.

"Inna, ai ni nake zuba bammin ma."

Taɓarya ta tsaya a sama.

"Kin zuba?"

"Duk shekara. Yadda na ga Baba yana yi."

"Ozuwa, mace ba ta maganar ƙasa a garin nan."

"Dokar da ta hana Salfo ba ta hana mace ba."

"Baffanki zai cire ki daga gidan nan."

"Na sani."

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a gindin bishiyar taro. Ma'aikacin filaye ya buɗe littafinsa a kan teburin da aka aro daga makaranta. Kusa da shi tsoho Gbale ne, mai kula da al'amuran ƙasa na garin. Salfo na can baya tare da mutanen tunga. Lago na jingine da motarsa.

Digbe ya yi magana mai tsawo. Ya ce gonar ta ɗan'uwansa ce, shi ne magaji, waɗanda ke ciki kuwa ba shi ya sa su ba.

Ozuwa ta miƙe daga cikin mata.

"Ina da magana."

"Zauna," in ji Digbe. "Nan ba wurin daka ba ne."

"Baffa, ba da kai nake ba. Tambaya ɗaya zan roƙi Kaka Gbale ya yi maka. Tun rasuwar Baba, ka taɓa cin kazar gonar nan?"

Digbe bai jira Gbale ba. Ya bugi ƙirji.

"Ko ƙashinta ban taɓa ba. Kowa shaida ne."

"To wa ya ci?" Gbale ya tambaya.

"Ni," in ji Ozuwa. "Sau bakwai. Ni na karɓa, ni na zuba bammi a ƙofar Baba."

Gbale ya sa aka kira Salfo, ya tabbatar. Maƙwabta biyu ma suka ce sun gani. Tsohon ya daɗe yana kallon sandarsa.

"Digbe, wurin ɗan'uwanka ka bari ba kowa har shekara bakwai. Yarinyar nan ta tsaya a ciki. Ƙasa ta sha daga hannunta, ba zan ce ba ta sha ba."

Ma'aikacin ya rubuta. Ya ce za a liƙa sanarwa, mai ƙorafi ya kawo. Lago ya tada mota tun kafin a tashi.

Digbe ya tsaya a gabanta.

"Daga yau ba ni da 'ya mai sunanki."

"Na ji, Baffa."

Ya kai ƙorafi, aka saurara, aka kora. Bayan wata biyar takardar ta fito da sunan Ozuwa Seri. A lokacin ita da mahaifiyarta sun riga sun koma wani ɗaki a bayan makaranta, don Digbe ya cika maganarsa.

Gari kuma ya samu sabon zance. A famfo, a kasuwa, magana ɗaya ce: ga shi nan yadda Digbe ya faɗa, yanzu ɗan Mosi zai aure ta ya haɗa da gonar. Salfo ya daina biyowa ta hanyar makaranta gaba ɗaya.

Ozuwa ta hau mota zuwa birnin Ganyowa, ta yini a ofishin wani lauya. Washegari da safe ta ƙetare rafi da takarda a jaka. Ta same shi yana fasa koko, tarin ɓawo a gabansa.

"Karanta."

Ya goge hannu a wando. Ya karanta sau biyu. Yarjejeniyar haya ce, iyakar shekarun da doka ta yarda, da sunansa da na mahaifiyarsa da na ƙannensa. Ita kanta ba za ta iya soke ta ba.

"Babu maganar aure a ciki," in ji shi.

"Babu."

"In ban aure ki ba fa?"

"Kuna nan a gonarku."

"In na auri wata?"



"Ta zo ta yi shanya. Ka dai gaya mata ta riƙa tsince baƙaƙen."

"Ozuwa... kin rasa gida saboda wannan."

"Gida na rasa, ba hankali ba. Sa hannu, Salfo. Gobe mu je a buga hatimi. Daga nan ba ka da wani dalili na kallona sai in kana so."

Ya sa hannu. Ta karɓi takardar ta juya. Sai da ta ƙetare rafin sannan ta zauna a kan wani kututture.

Aka buga hatimi. Ma'aikacin filaye ya karanta yarjejeniyar a wurin taro, kowa ya ji.

Kwana goma sha tara ba ta gan shi ba. Ba ta aika ba, ba ta tambayi kowa ba.

Rana ta ashirin, Lahadi ce, bayan an taso daga coci, mahaifiyarta ta leƙo ɗaki.

"Kina da baƙi. Sun biyo ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan gari ba."

Dattawa biyu ne daga tunga, ɗaya riƙe da ƙunshin goro, tsoho Gbale a tsakiyarsu. Salfo na bayansu cikin farar riga. Mata sun cika bakin katangar makaranta suna kallo.

Ozuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa.

"Malam mai haya, ruwa ne ya ci gonar?"

"Gona lafiya lau."

"To me kake nema a wurina?"

Ya ɗaga murya yadda na bakin katanga za su ji.

"Ba abin da ya rage da zan samu a wurinki, masoyiyata. Shi ya sa na zo."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kwana goma sha tara, Salfo."

"Ina so kowa ya gama karanta takardar tukuna."

"Shigo. Ka cire takalmin nan."

Ranar Asabar ta biyu ga watan Disamba aka ɗaura auren a ofishin magajin garin Ganyowa. Digbe bai je ba. Da magatakarda ya zo kan gurbin ƙasar ango, ya ɗago kai ya dubi amarya.

"Burkina," in ji Ozuwa. "Rubuta yadda yake."