Filash a Haɓar Zani

Yammacin nan bai zo da wata alama ba. Gero ya yi kai a gonakin da suka kewaye gidan Sama'ilu, a wani ƙauye gabas da Tsanyawa, awaki sun dawo da kansu, hayaƙin murhu yana kwance a kan katanga ba iska. Aina'u, matar gidan, tana tuƙa tuwo, tana satar kallon 'yarta Firdausi da ke zaune a gindin tsamiyar tsakar gida da kwamfuta a cinya.

Firdausi ce kaɗai Allah Ya bar mata. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, ta zo gida ne don ta ƙarasa rubuta furojet ɗinta, wato binciken kammala karatu. Duk aikin yana cikin wani ɗan abu da bai kai ɗan yatsa ba, wai shi filash, ana cusa shi a gefen kwamfutar. A kansa take rubutu kai tsaye, ba ta ajiye kwafi a ko'ina ba, kullum sai gobe. Ta taɓa ce wa uwar tana dariya, "Inna, shi wannan ba a fizge shi. Sai an rufe rubutun, an yi masa sallama, 'yar fitilarsa ta daina ƙyaftawa, sannan a zare."

Aina'u ta ce, "To, har ƙarfe ma ya san girmansa."

Da aka kira magariba, Firdausi ta ajiye kwamfutar a kan tabarma a buɗe, ta zagaya alwala. Aina'u kuwa tun tana ƙarama aka hore ta cewa ba a barin komai a buɗe a waje idan rana ta faɗi, balle a gindin tsamiya. Ta matso, ta ga ɗan abin yana ƙyafta jar wuta. Tsoron kada akuya ta taka shi ya sa ta sa hannu ta zare, ba bisimilla ba komai, ta ƙulle shi a haɓar zaninta inda take ƙulle duk abin da take ji da shi. Sai ta ji wani siririn ƙara, kamar an taka wutsiyar ɗan kyanwa. Ta waiga, ba kowa.

Bayan sallah ta kwance ta miƙa wa 'yar. Firdausi ta dube ta, ta mayar da shi jikin kwamfutar. Rubutun ya buɗe, amma ba rubutu ba ne. Shafi bayan shafi, sai 'yan akwatuna da ƙugiyoyi da alamomin da ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Yarinyar ta zare shi ta jefar a kan tabarma, ta zauna tana kallon bango.

A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Sama'ilu ya fito da tocila yana faɗa da yaran maƙwabta, ya zaga bayan gida bai ga ko kaza ba. Na biyu ya faɗo yana tsaye, na uku ya biyo. Ya ɗauki ɗaya ya yar da sauri, domin da zafi yake. Daga can saman tsamiya wani abu yana kuka, kukan jariri wanda ake yankewa a tsakiya, ya ɗauko, a sake yankewa.

Da gari ya waye, Firdausi ta buɗe baki ta gai da iyayenta, sai maganar ta fito guntu-guntu, rabin kalma a manne da rabin wata, kamar dai rubutun nan. Aina'u ta tsinci filash ɗin ta sake ƙulle shi a zani, ba ta gaya wa mijin komai ba saboda kunya da tsoro. Wuni guda tana kiran sunan 'yarta, 'yar tana kallon ta kamar baƙuwa.

Sama'ilu ya hau babur ya ɗauko Malam Uwaisu daga Kunci, wani dattijo mai ruƙiya wanda ba ya ɗaga murya. Sun iso bayan la'asar. Malam ya sa aka zaunar da yarinyar a gindin tsamiyar, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwa ta cinye tsakar gidan, tsuntsaye suka yi tsit. Can sai Firdausi ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwar mace ce, mai kauri, kuma kalmominta cikakku.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni na riga kakan mai gidan nan zama a bishiyar nan. Yarinya ba ta yi mini komai ba. Jikana ne ya ji ɗumi ya shiga na'urarta yana wasa. Yana tsakanin ɗaki da ɗaki aka datse ƙofa a kansa. Rabinsa na cikin babbar, rabinsa na cikin ƙaramin." Idanun suka juya a hankali suka tsaya a kan Aina'u. "Tambayi haɓar zanin waccan."

Aina'u ta durƙushe. "Ni ce, Malam. Wallahi adanawa na yi niyya."

Malam bai ko dube ta da faɗa ba. Ya ce da aljanar, "Kuskure ne, ba zalunci ba. Ke kuwa da gangan kika shiga jikin baiwar Allah. Ki ji tsoron Wanda Ya halicce mu da ku. Me zai fitar da ke?"

"A haɗa mini jikana, a sallame shi yadda ake sallama. Hannun da ya raba shi ne zai haɗa. Kuma ya ji rauni, sai na ɗauki kalma ɗaya a madadi."

"A rubutun za ki ɗauka, ba a bakin yarinya ba."

Sannan muryar ta ce, "A rubutun."

Aka kawo kwamfutar. Aina'u, wadda ba ta taɓa danna ta ba, ta kwance haɓar zani. Aljanar ta sassauta, muryar Firdausi ta fito can ƙasa kamar daga rijiya, tana faɗa mata inda za ta taɓa. Ta yi bisimilla ta cusa filash ɗin. Jar fitilar ta kama ƙyaftawa da sauri, kukan nan ya sake tashi a saman bishiya. Ta rufe rubutun. Ta kai 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfutar kan alamar da ke can kusurwa, ta danna sallamar. Fitilar ba ta daina ba. Hannunta ya kai zai zare, don ta ƙagu abin ya wuce.

"Jira," in ji Malam.

Ta jira. Ladan ya fara kiran magariba a masallacin ƙauye, kukan ya haɗe ya zama ɗaya, ya yi tsawo, ya ɗauke. Fitilar ta mutu. Sai a sannan ta zare. Rassan tsamiya suka girgiza ba iska, Firdausi ta yi atishawa ta kife a jikin uwarta.

Washegari rubutun ya buɗe lafiya lau. Kafin ta sha ko ruwa, Firdausi ta kwafe shi a cikin kwamfutar, ta tura wa kanta wani kwafin ta waya, ta ce daga yau a kwamfuta za ta riƙa aiki, filash ajiya ce kawai. Sai da ta zo shafin sadaukarwa ta tsaya. Ta san ta rubuta, "Na sadaukar da wannan aiki ga Inna." Yanzu bayan "ga" ba komai sai ɗan akwati guda, fanko. Ta goge ta sake rubutawa, ta adana, ta buɗe, akwatin ya dawo.

Aina'u tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon koko, ba ta iya karatun boko ba, fuskar 'yar kawai take karantawa. Firdausi ta ɗago ta dube ta, ta buɗe baki, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Aina'u ta so ta faɗa mata kalmar da kanta, amma ta danne, ta tsaya cik.

"Inna," in ji Firdausi daga ƙarshe.

Har yau haka take kiran ta, sai ta ɗan tsaya tana lalube kafin kalmar ta zo. Aina'u ba ta taɓa katse ta ba. Ko tuwo ne a wuta yana ƙonewa, ajiye muciya take yi ta jira.