Abin da Mutum Talatin da Biyu Suka Ji a Durnstein

"'Yata... ba ki kashe na'urarki ba."

Wani dattijo ne ya faɗa min, cikin fasinjojin jirgin ruwan da nake zagaya gari da su. Yana maganar yana kallon takalminsa kamar shi ya yi laifin.

Na dubi ƙirjina. 'Yar koriyar fitilar nan tana ci.

Tana ci!

Na ɗago kai. Mutum talatin da biyu ne tsaye a ƙofar shagon Baba, kowa da abin sauraro maƙale a kunnensa. Ba mai ɗaukar hoto, ba mai lasar askirim. Ni kaɗai suke kallo.

Shekarata shida ina wannan aiki a Durnstein, garinmu na bakin kogin Danube, kuma abu na farko da ake koya wa mai zagayawa da baƙi shi ne, in kin sallame su su huta, ki kashe makirufonki. Har yau ana ba da labarin wata 'yar Melk da ta shiga banɗaki da nata. Ni Resi, ni na fi kowa yi mata dariya.

"Tun... tun daga ina kuka ji?" na tambaya.

"Tun daga 'Baba, ina kwana,'" in ji dattijon.

Wayyo Allah!

Bari in faɗa muku abin da suka ji, tunda dai rabin kogin Danube ya riga ku ji.

Sorin Dobrin shi ne matuƙi na biyu a jirgin. Ɗan Braila ne, can ƙasan kogi a Romaniya. Jirginsu yana tsayawa garinmu ran Talata in za su gangara, ran Juma'a in za su hauro, awa uku kacal, kuma awa biyu a ciki ina gaban baƙi ina nuna musu hasumiyar coci. A ragowar awa ɗayan nan muka yi soyayyar shekara biyu, kuma ta ishe ni in haukace a kansa.

Da safen Talatar nan na je bakin 'yar gadar da ake hawa jirgi karɓar baƙina, sai Silke, shugabar kula da fasinjoji, ta ja ni gefe. Silke ta daɗe tana kai wa Sorin kofi ɗakin tuƙi ba tare da ya aike ta ba. Ta nuna min takardar ɗakuna, ta ɗora jan farcenta a kan layi ɗaya.

"Madam Dobrin, ɗaki na ɗari da huɗu, baƙuwar Sorin. Shi ya riƙo mata jaka tun daga Passau." Ta marairaice fuska. "Ban so a ce daga bakina za ki ji ba, Resi. Amma kin san ma'aikatan jirgi, kowa da wadda ya ajiye a gida..."

Ban san yadda na yi na kai baƙin nan coci na fito da su ba. Na ba su minti ashirin su yi sayayya, na faɗa shagon Baba, inda yake sayar da ruwan inabin gonarmu da kayan shafa wa burodi. Na ce, "Baba, ina kwana." Yana ganin idona ya ajiye kwalbar hannunsa.

"Ɗan jirgin nan ne kuma?"

"Baba, don Allah ba yau ba."

"Yau ɗin dai! Na gaya miki tun farko. Mutanen da ke zuwa su wanke mana tsofaffi, su zubar mana da fo? Ɗan mai wankin tsofaffi zan damƙa wa gonar kakana?"

Raina ya tashi.

"Da Kaka ta kwanta shekara uku, wa ya juya ta? Kai? Kai da ko ɗakin ba ka iya shiga sai ka toshe hanci! 'Yar ƙasarsu ce ta ciyar da ita, ita ta rufe mata ido, kai kana Krems wajen baje kolin inabi. Ka ji kunya, Baba!"

Ya sunkuyar da kai. Da na tsaya a nan da na fita da mutuncina. Amma bakina in ya ɗauko gudu ba shi da birki.

"Sai dai ka kwantar da hankalinka, ka yi nasara. Yana da mata! Tana cikin jirgin yanzu haka, Madam Dobrin! Maƙaryaci, munafuki... Ina sonsa, Baba, ina sonsa kamar in mutu, amma Allah ya sa jirgin ya nutse da shi, da ita, da duk wanda ke ciki!"

To, wannan suka ji. Duk wanda ke cikin kuwa, ga su nan tsaye a gabana.

"Mu dai ba mu yi miki komai ba," wata mata ta faɗa a hankali.

Kafin in buɗe baki, wata tsohuwa ta ratso ta tsakiyarsu. Gajeruwa ce, da baƙar riga da 'yar jaka a hammata. Tun safe take bayan kowa tana jan ƙafa, ban ko kula ta ba. Ta zare abin sauraron daga kunnenta, ta naɗe wayar a yatsa a nutse.

"Ni ce Madam Dobrin."

Na zaro ido.

"Ni na haife shi. Ni ce kuma mai wankin tsofaffin."

A bayana na ji kwalba ta faɗi ta fashe. Baba ne a bakin ƙofa, bakinsa a buɗe.

"Mama..." na ce, ban ma san ya fito ba.

"Ban zama ba tukuna." Ta dubi agogonta. "An rubuta a takarda za a kai mu kangon fadar da ke kan dutse. Mu tafi."

"Hawan yana da wuya, ƙafarki..."

"Ƙafata ta hau benaye da manyan mutane a goye. Wuce gaba."

Haka na wuce. Rabin baƙin suka ce sun gaji za su koma jirgi, na kuma san ba gajiya ba ce, labari ne ke cin su. Sauran suka biyo ni. Ina hawa ina zuba musu tarihin sarkin Ingila da aka taɓa tsarewa a can, hawaye na gangaro min, kowa na jin jan hancina a cikin kunnensa. Ba wanda ya yi tambaya ko ɗaya. Sau biyu na miƙa wa tsohuwar hannu, sau biyu ta yi kamar ba ta gani ba. A na uku, inda matakalar ta fi tsayi, ta kama ni da ƙarfin da ya sa na ji har ƙashina.

Da muka kai sama ta zauna a kan wani dutse tana haki. Ga kogin can ƙasa, ga farin jirginsu a ɗaure.

"Kashe wannan abin tukuna," ta ce.

Na kashe, na duba sau uku.

"Shekara goma sha tara na yi a gidajenku, a Linz da Graz. Sorin yana ɗan shekara tara na bar shi wajen uwata. Na san yadda ake kallonmu a ƙasar nan, an yi min murmushi a falo an kuma ƙirga cokula bayan na fita. Da ya ce min 'yar mai gonar inabi yake so, na ce masa ba da yawuna ba. Ya yi ta roƙo, na ce to zan zo in gan ki da idona, amma kada ya gaya miki."

"Silke ta ce min..."

"Mai jan farcen? Ita ta kai ni ɗakina. Tun Passau take ce min Mama, tana tura min matashi a baya."

Na dafe kai. Ashe ta sani! Ta sani sarai!

"Ubanki bai ba ni mamaki ba," tsohuwar ta ci gaba. "Ke ce kika ba ni, har sau biyu. Ban taɓa jin ɗan ƙasar nan ya tsaya mana a bayan idonmu ba, sai yau. Sannan ban taɓa jin an yanke wa ɗana hukunci da sauri haka ba. Layi ɗaya a takarda! Ko tambayarsa ba ki yi ba."

"Na ji tsoro ne, Mama. Awa ɗaya nake ganinsa. Sauran kwanakin ban san inda yake ba, ban san da wa yake ba..."

"Matar ɗan jirgi haka za ta ƙare rayuwarta. In ba za ki iya ba, ki sake shi tun yau."

"Zan iya!"

Ta dube ni. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙe ta ce mu sauka, jirgi ba ya jiran kowa.

Gaskiya ta faɗa. Ƙarfe sha ɗaya daidai suke kwance igiya, domin an ba su lokacin wucewa ta madatsar ruwa, in suka makara sun rasa layi. Saura minti goma sha biyu muka iso bakin ruwa. Saman jirgin cike yake da mutane sun jingina da ƙarfe, har masu girki sun leƙo ta taga. Sorin yana tsaye a bakin gada da farar rigarsa, fuskarsa ba annuri.

"An ce kin yi addu'a in nutse."

"Sorin..."

"Mutum bakwai suka kawo min labarin, kowa da kalar nasa. Mata, Resi? Ni? Ni da ke ƙirga gadoji tun daga Passau don in san saura nawa in gan ki?"

"Ka yafe min, masoyina. Na yi wauta, na yi hauka... Don Allah ka dube ni."

Ya ƙi. Sai da na kama hannun rigarsa sannan ya sauke ido, na ga sun yi ja.

"Kin kusa kashe ni, 'yar rigimata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba a ruwa ba, a tsaye."

Silke ta taho da takardunta tana tafa hannu. "A shiga, a shiga! Resi, zan rubuta rahoto a kan abin da kika yi wa baƙinmu."

"Rubuta," in ji dattijon nan na ɗazu. "Mu ma akwai takardar da muke cikawa ran sauka, kuma mun iya rubuta sunanki."

Silke ta dubi Sorin. Kallo ɗaya ya yi mata, ta juya ta shige ciki da sauri har tana tuntuɓe.

Sai ga Baba.

Ko rigar shago bai cire ba. Mutumin da bai taɓa saukowa bakin jirgi ba, wai hayaniyar baƙi na sa masa ciwon kai, ya zo ya tsaya gaban Madam Dobrin, ya cire hula, yana murza ta a hannu.

"Madam... ni... abin da na faɗa..."

Maganar ta maƙale. Ya yi ta buɗe baki yana rufewa.

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Sannan ta buɗe jakarta, ta ciro katin shiga jirgi, ta danƙa wa Sorin a hannu.

"Kai musu. Ka ce mai ɗaki na ɗari da huɗu ba ta dawo ba, kuma lafiyarta ƙalau."

"Mama?! Me kike nufi?"

"Ba ran Juma'a za ku hauro ba? Zan jira ku a nan." Ta nuna Baba da haɓa. "A gidan wannan. Minti biyu ba su isa a ba ni haƙuri ba, ga shi ma bai iya ba. Zan zauna kwana uku in ga gidan da kake son shiga."

"Gi... gidana?" in ji Baba.

"Ko babu ɗaki?"

"Akwai! Akwai ɗaki!"

"Mama, kayanki! Maganinki!" Sorin ya rikice gaba ɗaya.

"Magani na jaka. Kaya ba za su gudu ba. Tafi, kyaftin ɗinka na hararar ka."

Jirgin ya yi ƙara. Sorin ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya dubi Baba, ya sumbaci goshina da sauri ya haye da gudu. Aka janye gada. Muna tsaye mu uku har suka sha kwana, mutanen saman jirgi na ta ɗaga mana hannu.

Kwana ukun nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ta ce miyar Baba ba gishiri. Ta ce yana yanke reshen inabi kamar mai jin haushinsa. Ran Laraba suka yi faɗa a kan yadda ake dafa kabeji har maƙwabta suka leƙo. Ran Alhamis da yamma na dawo daga aiki na tarar da su a baranda, Baba yana ba ta labarin Kaka, yana kuka kamar yaro, ita kuma tana saurare. Na koma da baya a hankali. Game da ni da Sorin kuwa, ko kalma ɗaya ba ta furta ba, ni ma tsoro ya hana ni tambaya.

Ran Juma'a, tun kafin a gama ɗaure igiya Sorin ya diro. Ya tsaya gaban uwarsa yana haki, ya kasa ko gaishe ta.

"Mama... yaya?"

Na matso kusa.

"Uban bai iya magana ba," ta ce, "amma yana koyo. Yarinyar ta fi shi iyawa, har ta yi yawa."

"Mama, don Allah!"

Ta gyara jakarta a hammata.

"Shekara goma sha tara ina kwana a gidajen ƙasar nan, Sorin. Wannan ne na farko da na shiga ta ƙofar gaba, wani kuma ya gyara min gado." Ta juyo gare ni, ta buɗe hannu. "Zo nan, 'yata. Ku sa rana."

Na faɗa jikinta ina kuka. Sorin ya rungume mu duka, yana ta faɗin sunana a cikin gashina.

A watan Mayu aka ɗaura, a cocin garinmu. Baba ne ya riƙo hannun mahaifiyar Sorin suka shigo tare, ya zaunar da ita a kujerar gaba, sannan ya koma waje ya ɗauko ni.