Mai Duba Bel a Wurin Lilo

A bakin jirgin lilon nan mai hawa sama ya kifa da mutane Musbahu ya fara ganinta, can ƙasar waje inda yake aiki. Aikinsa duba bel ɗin masu hawa. Da ya zo kanta, sai ya ji tana bisimilla tana dariya.

"Ashe Bahaushiya ce?"

"Ta unguwar Naif ma kuwa. Yalla, maza ɗaure ni da kyau."

Mahfuza ke nan. Sau ɗaya a wata take baro shagon jakunkunan mahaifinta, ta sha tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa na metro da bas, don shawagin minti biyu. Shi kuwa masaukinsu na ma'aikata yana dab da wurin. Ihun ya gundure shi, shekara uku bai taɓa hawa ba.

"Habibi, kana kwana kusa da daɗi ba ka sani ba," ta rubuto masa.

"Daɗina sau ɗaya yake zuwa a wata, Fuzata."

Da maganar aure ta taso, Alhaji Sanda, mahaifinta, ya ce atafau. "Mai tsaron lilo zan ba 'yata? Ga Zailani da kwantenonin kayansa yana nemanta!" Ya hana ta fita.

Wata huɗu Musbahu yana leƙen layin masu hawa. Ranar da ta ɓullo, tare da Zailani take. Da hannunsa ya duba musu bel, kansa a sunkuye. Jirgin ya tashi, kowa na ihu, ita shiru.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Wallahi Baba bai yarda in fito ba sai tare da shi. Kai na zo gani, ko kallona ba ka yi ba."

A makon ne aka ce ba za a sabunta masa biza ba.

Ya je Naif sallama, ya tarar ta rame, ta daina cin abinci. Alhaji ya daɗe yana dubansu.

"Can garinku akwai abin hawan nan?"

"Babu, Baba. Gusau ce."

"Ke kin ji?"

"Na ji, Baba. Zan je."

Ranar Juma'a aka ɗaura aurensu, Alhaji yana share ido da hannun riga. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ka riƙe min ita da kyau, Musbahu."